Bindigar katako a harabar coci: asalin Boys' Brigade

Yau zan kai ku birnin Glasgow na ƙasar Sukotlan, shekarar 1883.

Akwai wani ɗan kasuwa, William Alexander Smith, malamin makarantar Lahadi ne, kuma hafsa a rundunar sojan sa-kai. Abin da ya dame shi, a filin fareti ƙarti majiya ƙarfi na bin umarninsa, amma ran Lahadi yaran unguwar North Woodside sun gagare shi. Da yaro ya fara tasawa sai ya raina ajin, ya sulale.

Sai ya ce bari ya kawo faretin coci. Ranar 4 ga Oktoba ya buɗe ƙungiyar Boys' Brigade: maci, karatun Littafi Mai Tsarki, daga baya aka ƙara hula da ɗamara. Tambarinsu anga ce, ƙarfen nan da ke riƙe jirgin ruwa. A 1886 ya fita da yaran zangonsu na farko a Tighnabruaich.

To ga inda rigimar take. Yaran na atisaye da bindigar katako. Wasu malaman coci suka ce a'a, ina bindiga ina almajiran Almasihu? Ko ta katako ce, ai zuciyar yaro ake saba wa da yaƙi. Har a 1899 wani malami, John Brown Paton, ya kafa Boys' Life Brigade, su kuma taimakon gaggawa da ceton rai suka sa gaba, babu bindiga. Ni dai a ganina Paton ya fi hangen nesa, don a 1914 samarin da suka tashi cikin irin wannan fareti da yawa sun tafi Yaƙin Duniya na Ɗaya ba su dawo ba. Sai a 1926 ƙungiyoyin biyu suka haɗe, aka ajiye bindigar, aka ƙara jan gicciye a bayan angar.

Af, Smith ɗin nan ne ma ya ƙarfafa wa Baden-Powell gwiwa ya sake rubuta littafinsa na soja don yara, daga nan aka samu 'yan sikawut.

Ƙungiyar ta iso Legas a 1908. In ka taɓa ganin yara cikin yunifom suna kaɗa ganga da busa bigila a bikin coci a Jos ko Kafanchan, to jikokin wancan ajin ne.

Mako mai zuwa sai ta 'yan mata, wadda ta faro a Dublin a 1893.