Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Tarihin Akwatin Kifi da Makonnin Farkonsa

A shekarar 1849, wani masanin sinadarai a birnin Landan mai suna Robert Warington ya zuba ruwa a wani babban tulun gilashi, ya shimfiɗa yashi da laka a ƙasansa, ya dasa wata ciyawar ruwa, sannan ya saka ƙananan kifayen zinariya guda biyu. Abin da yake son ganewa shi ne ko kifi zai rayu a ruwan da ba a canzawa. Da farko komai ya tafi daidai. Daga baya tsofaffin ganyayen suka fara ruɓewa, ruwan ya gurɓace, gansakuka ta lulluɓe gilashin. Sai ya ƙara wasu 'yan katantanwar ruwa, suka cinye ruɓaɓɓen ganyen, ruwan ya sake yin garau. A 1850 ya gabatar da sakamakon ga ƙungiyar masana sinadarai ta Landan, inda ya bayyana cewa ciyawa na ba kifi iskar oksijin, kifi na ba ciyawa iskar da take buƙata, katantanwa kuma na share wurin.

Ba shi ne ya fara ajiye halittun ruwa a gilashi ba. Tun a 1832 Jeanne Villepreux-Power, Bafaranshiya mazauniyar Messina a tsibirin Sisili, ta ƙera akwatunan gilashi don nazarin halittun teku. Amma bayanin Warington ne ya bazu. A 1853 aka buɗe gidan kifi na farko don jama'a a gidan namun daji na Landan, a 1854 kuma Philip Henry Gosse ya fitar da littafin da ya yaɗa sunan akwariyom. Nan da nan akwatin kifi ya zama kayan yayi a falukan masu hali na Ingila. Cikin 'yan shekaru yayin ya lafa, domin gidaje da yawa sun wayi gari da ruwa mai wari da matattun kifaye. Masu su sun dasa ciyawa, sun saka katantanwa, sun bi duk abin da aka faɗa musu. Akwai wani abu da bayanin bai ƙunsa ba, wanda ido ba ya gani.

Ma'aikatan da ba a gani

Kifi na fitar da sinadarin amoniya ta sassan da yake shaƙar iska da su, kashinsa da ragowar abincinsa ma suna ruɓewa su zama amoniya. A kogi, yawan ruwa ke tafiya da shi. A akwati kuwa taruwa yake yi, kuma kaɗan daga cikinsa ya isa ya ƙone waɗannan sassa na numfashi. Dafinsa na ƙaruwa idan ruwan ya yi ɗumi ko ya yi kanwa-kanwa.

Amsar yadda ruwa ke kuɓuta daga wannan dafi ba daga masu kiwon kifi ta fito ba. Daga masu nazarin ƙazantar birni da takin gona ta fito. A 1877 wasu Faransawa biyu, Schloesing da Müntz, suka riƙa tsiyaya ruwan kwatamin Faris ta cikin wani dogon bututu cike da yashi da farar ƙasa. Kusan kwana 20 amoniya na fita kamar yadda ya shiga. Bayan haka sai ya fara ɓacewa, sinadarin naitiret ya bayyana a madadinsa. Da suka busa tururin kulorofom a bututun, aikin ya tsaya cak. Wannan ya nuna cewa wasu halittu masu rai ne ke yin aikin, kuma kwana ashirin ɗin nan lokaci ne da suka ɗauka suna hayayyafa.

Wanda ya ɗora daga nan a Ingila shi ne ɗan Warington, shi ma sunansa Robert, a cibiyar binciken noma ta Rothamsted. Ya shafe shekaru yana gwaji har ya tabbatar cewa aikin hawa biyu ne: amoniya ya koma naitirait, sannan naitirait ya koma naitiret. Uba ya gina akwatin, ɗa ya gano abin da ke riƙe da shi, duk da cewa hankalin ɗan na kan ƙasar noma ne. Daga 1890 Sergei Winogradsky, masanin da aka haifa a Kiyef yake aiki a Zurich, ya ware ƙwayoyin bakteriyar da ke wannan aiki, aka san su da Nitrosomonas da Nitrobacter. Shekaru da dama littattafan kiwon kifi na maimaita sunayen nan biyu, sai a 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa a akwatin ruwan daɗi, wata ƙwaya mai suna Nitrospira ce ke ɗauke da nauyin hawa na biyu.

Darasin a aikace ɗaya ne. Waɗannan ƙwayoyi suna manne ne a jikin soson matatar ruwa da tsakuwa, kuma suna da nawar haihuwa. Wasu bakteriya kan ninka kansu cikin minti 20, su kuwa waɗannan sukan ɗauki sa'o'i masu yawa. Shi ya sa sabon akwati ke buƙatar kimanin mako huɗu zuwa shida kafin ya nuna. A cikin waɗannan makonni amoniya kan hau ya sauka, sai naitirait ya hau, wanda ke hana jinin kifi ɗaukar oksijin, har a ga kifi na haki a saman ruwa alhali ruwan na nan tas kamar na sha. Sai dukansu biyu sun koma sifili a gwaji, naitiret mai sauƙin illa ya bayyana, sannan akwati ya zama gida.

Wanda ya riga shiga shi ne mai gida

Tun kafin a fahimci wannan, masu kiwo sun lura cewa wasu kifaye na jure mugun ruwa fiye da wasu. A 1869 aka kawo wani ɗan kifi mai ratsin ja da shuɗi daga Sin zuwa Faris, inda Pierre Carbonnier ya yi nasarar hayayyafa shi. Turawa suka sa masa suna kifin aljanna. Yana cikin kifayen ƙasashe masu zafi na farko da suka zauna a gidajen Turai, kuma sirrinsa shi ne yana da wata gaɓa da ke ba shi damar shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa. Sai dai halinsa bai bi sunansa ba. Namijinsa mafaɗaci ne, yakan yayyaga fika-fikan duk wanda ya kusanci sheƙarsa.

Ɗan'uwansa na ƙasar Siyam, wato Tailan ta yau, ya fi shi suna. Mutanen can sun daɗe suna kiwonsa don a haɗa maza biyu faɗa ana caca a kansu. A 1840 Sarki Rama na Uku ya bayar da wasu daga cikin nasa, suka isa hannun likita Theodore Cantor, a 1910 kuma Charles Tate Regan ya raɗa masa sunan kimiyya Betta splendens. A gonakin shinkafa da fadamun da ya fito, faɗan ba ya daɗewa, domin wanda aka fi ƙarfi yakan juya ya gudu. A gilashi babu wurin gudu. Wannan shi ne asalin yawancin kisan da ake gani a akwati: faɗan kare iyaka ne da aka toshe wa ƙofar fita.

Nan matsalolin biyu suka haɗu. Shekaru da dama shawarar da ake ba sabon mai kiwo ita ce ya fara da kifaye masu juriya, su zauna makonnin farko har ƙwayoyin su kafu. Amma da yawa daga masu juriyar su ne masu kafa iyaka. Kifin da ya yi wata guda shi kaɗai yakan ɗauki akwatin gaba ɗaya a matsayin mallakarsa, kuma ba a sarki biyu zamani ɗaya. Duk wanda aka saka daga baya ya shigo ne a matsayin ɗan kutse, ga gajiyar tafiya, ga ruwan da bai gama nuna ba. Idan ya mutu, mai shi ba ya iya sanin ko cizo ne ya kashe shi ko dafi. Sau da yawa duka biyun ne, domin kifin da amoniya ya raunana ba ya iya kare kansa, wanda aka yi ta kora kuma ba ya iya jure dafi.

Abin da Lorenz ya gani ta gilashi

Konrad Lorenz, masanin halayyar dabbobi ɗan Ostiriya wanda ya samu kyautar Nobel a 1973, ya yi nazari mai tsawo kan kifayen dangin karfasa. A littafinsa na 1963 kan asalin faɗa, ya ba da labarin yadda mai kiwo kan ga mata da miji sun addabi sauran kifaye, sai tausayi ya sa ya kwashe sauran. Bayan 'yan kwanaki sai ya tarar namijin ya kashe macen, saboda babu wani abin huce haushi sai ita. Dabarar da ya bi ita ce raba akwati da gilashi, a sa ma'aurata a kowane ɓangare, kowane namiji ya riƙa huce wa maƙwabcinsa. Ya lura cewa da zarar gansakuka ta rufe gilashin har suka daina ganin juna, faɗan kan koma cikin gida.

Wannan fahimta ta yi amfani sosai da aka fara fitar da kifayen duwatsu na Tafkin Malawi, waɗanda ake kira mbuna, zuwa Turai da Amurka. Kyawawa ne, amma kowane namiji na riƙe da kogonsa. Masu kiwo suka gano cewa idan aka tara su da yawa, faɗan kan rarrabu, babu kifi ɗaya da za a sa wa ido har a kashe. Sai dai wannan ya ci karo da dokar ƙwayoyin ruwa. Halayyar kifin na cewa a zuba su gaba ɗaya rana ɗaya, matatar ruwa na cewa a ƙara kaɗan-kaɗan.

Mafitar da ta bazu daga ƙarshen shekarun 1990 ita ce a nunar da akwati babu kifi a ciki. Ana ɗiga amoniya da gangan, ana gwada ruwan, har sai ƙwayoyin sun iya cinye shi cikin kwana guda. Wasu kan ɗauko soso daga matatar tsohon akwati mai lafiya don taƙaita jiran. Bayan haka ana iya saka kifaye da dama tare, babu wanda ya riga wani kafa sarauta. Inda dole a saka su bi da bi, masu sanyin hali ke fara shiga, mafaɗaci ya zo a ƙarshe. Idan za a kawo baƙo, akan sauya wa duwatsu da itatuwa wuri don tsofaffin iyakoki su rushe, a kuma tanadi maɓoya da abubuwan da ke kare gani. Wanda kuma ya riga ya saka kifi a sabon ruwa, abin da ya rage masa shi ne rage abinci, yawan canza wani ɓangare na ruwan da wanda aka cire wa kulorin, da daina ƙara ko kifi ɗaya. Ba a wanke soson matata da ruwan famfo, domin kulorin na kashe ƙwayoyin da aka yi makonni ana jira.

Mai kiwon tarwaɗa a tankin siminti ko na roba ya san waɗannan abokan gaba biyu, ko da bai taɓa ganin akwatin ado ba: ruwan da ke lalacewa idan abinci ya yi yawa, da manyan 'ya'yan kifi da ke haɗiye ƙanana idan ba a ware su ba.

Tsakanin tulun Warington da gwajin Hovanec akwai kusan shekara 150. A tsawon wannan lokaci gilashi ya inganta, an samu injin hura iska da matata mai aiki da lantarki, amma babu na'urar da ta sauya saurin haihuwar ƙwayoyin nan ko ta cire wa kifi son iyakarsa. Mutanen Landan na shekarun 1850 sun yi asarar kifayensu ne cikin rashin sani. Wanda ya cika akwati da safe ya zuba kifi da yamma a yau yana maimaita kuskurensu ne, alhali kwalbar gwajin ruwa da haƙurin mako shida sun isa su hana shi.