Tarihin Dausayin Haɗeja da Nguru: Fadamar da Ke Ciyar da Mu

Da yawa daga cikinmu mazauna kudu muna cin bandar kifi da tattasan da ake kawowa daga Arewa, ba tare da mun san labarin fadamar da wasunsu ke fitowa ba.

Dausayin Haɗeja da Nguru yana tsakanin jihohin Jigawa da Yobe, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa kafin su haɗu su zama kogin Yobe, mai zuba a Tafkin Chadi. Tun zamanin kakanninmu, ambaliyar damina ce rayuwar wurin. Manomi ya shuka shinkafa, masunci ya kama kifi, idan ruwa ya janye makiyayi ya shigo da shanu. Tsuntsaye kuwa ba a magana: ɗinya, kirinjijiya, zalɓe, ga kuma agwagin daji da ke tasowa daga Turai duk lokacin sanyi.

Sauyi ya fara da farin shekarun 1970. A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma ta Challawa. Sun amfani Kano da ruwan sha da noman rani, amma sun rage ambaliyar da fadamar ta dogara da ita. Ruwan da a da yake zuwa ya tafi, sai ya koma kwanciya a wasu magudanu duk shekara. Nan ciyawar kacalla ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama mafakar jan-baki mai cin shinkafa.

An yi ƙoƙarin ceto. A 1987 aka fara shirin kare dausayin. Mafakar tsuntsaye ta Dagona ta shiga Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991. A 2000 tafkin Nguru da magudanar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya. Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008.

Sai dai takarda ba ta share magudana. Fadamar na buƙatar a riƙa sakin ruwa daga madatsun a kan lokaci, a kuma yashe kacalla. Mu da ke nesa muna da baki. Idan fadama ta bushe, ƙannenmu ne za su bar gida su biyo mu nan neman abinci. Allah ya raya mana ita.