Max Lock, Baturen Da Ya Zana Wa Kaduna Shekara Hamsin

Duk wanda cunkoson motoci ya taɓa tsarewa a gadar Kaduna, ina ganin ya kamata ya san sunan Max Lock, masanin tsara birane ɗan Ingila wanda aka haifa a 1909, ya rasu a 1988. Sana'arsa ita ce gwamnati ta ɗauke shi haya, ya nazarci gari, ya ba da shawarar inda hanya za ta bi da inda masana'antu da gidaje za su zauna, sannan ya naɗe tabarmarsa ya yi gaba.

Ya yi suna ne a garin Middlesbrough, wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Aƙidarsa ita ce ba a zana gari sai an bincike shi, kamar yadda likita ba ya rubuta magani sai ya duba majinyaci. Daga can aiki ya kai shi Amman da Basra, kafin Kaduna.

Mai karatu ya tuna cewa ita Kaduna hanya ce ta haife ta. Lugga ya zaɓe ta ne saboda kogi da layin dogo, aka taso da hedkwata daga Zungeru a 1917. Masaƙar farko ta buɗe a Kakuri a 1957, a kudancin kogi, alhali ofisoshin gwamnati na arewa. Ke nan tun asali arzikin garin ya rataya ne a kan yadda ma'aikaci zai tsallaka ruwa safe da yamma.

Lock da mutanensa sun nazarci jama'a da gidaje da zirga-zirga, suka fitar da littafin tsarin a 1967, mai hangen garin har zuwa 2017. To amma a watan Mayun wannan shekarar Janar Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12, Jihar Arewa ta wargaje. Garin da aka yi wa tsari a matsayin hedkwatar Arewa baki ɗaya ya koma na jiha guda, ga kuma yaƙin basasa. Daga baya kamfanin Peugeot ya zo a 1975, matatar mai a 1980, unguwanni suka yi ta tsirowa ba tare da jiran takarda ba.

Lock bai bar Arewa ba, domin ya yi wa Maiduguri irin wannan aiki a shekarun 1970. Kamfanin da ke ɗauke da sunansa ne kuma ya sabunta tsarin Kaduna a 2010.

A tawa fahimtar, darasin shi ne mai ba da shawara baƙo ne, ba ya mallakar fili, ba ya riƙe da baitulmali. Komai kyan tsari, in ba a samu hukumar da za ta tsare filin hanya kafin a gina gidaje a kai ba, to a kan kanta zai tsufa. Allah Ya sa mu gane.