Ƙwaƙwalwar mota

ƙwaƙwalwar mota (suna, mace): ƙaramar kwamfuta mai sarrafa injin mota. Daga saƙonnin da na'urorin awo ke aiko mata take ƙayyade yawan man da zai shiga inji, da lokacin da fulogi zai ba da wuta. In ta ga matsala, sai ta kunna fitilar gargaɗi mai siffar inji, ta adana lamba, kamar P0300, wato inji na tsallake wuta. Ana karanta lambar ta soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Sau da yawa zarginta kawai ake yi, alhali fiyus ne ya ƙone, ko ɓera ya ci waya. Misali: Oga, a duba wayoyin tukuna kafin a ce ƙwaƙwalwar ta mutu.