Sunayen da Ake Kira Kafin a Shafa Fatiha

A Ingila ta da, majami'u suna ajiye takardar sunayen mamatansu, ana kiranta "bede-roll". Limamin coci yakan karanta ta, jama'a su yi musu addu'a. Ma'anar "bede" addu'a ce, daga nan ma Turanci ya samo sunan 'ya'yan carbi. Bayan sauyin addini na ƙarni na 16 aka daina karanta ta. Al'adar ta mutu, kalmar ma yanzu ba a cika jin ta ba.

Mu a Wagadugu namu jerin a ka yake. Ranar sadakar uku, bakwai ko arba'in, malam yakan kira sunan mamaci, ya haɗa da iyaye da kakanni, a shafa Fatiha. Maƙwabtanmu Moshi ma, makaɗin fadar Mogho Naba ne ke jero sarakunan da suka shuɗe.

A 2003 shirin ZACA ya rushe unguwar Zango da wani ɓangaren Kuluba, aka kwashe jama'a zuwa Waga 2000 da Niyoko. Dattawan da suka san wane ɗan wane suna ƙarewa, kuma sunan da ba a sani ba, ba a sa shi a addu'a. Jama'a, mu zauna da su mu rubuta tun suna raye.