Daga Lamunin Maigida zuwa Takardar Banki

A 'yan shekarun nan babu taron ƙungiya da za mu yi a tashi ba a tayar da zancen fitar da kaya ƙasashen waje ba. Samarinmu na nan Ikko da Badun sun ga ana loda riɗi da citta da zoɓo a Apapa, su ma suna so. Dattawa kuwa abin da ke ɗaure musu kai shi ne batun lauya. Wai don me mutum zai biya wani kuɗi ya karanta masa takarda, alhali kakanninmu sun yi fatauci har Gwanja ba su san ofishin lauya ba? To, tambaya ce mai kyau, amma bari mu waiwaya baya tukuna, domin kakannin namu ba da ka suka yi fataucin ba.

Tun da aka kafa Sabon Badun a 1916, cinikin shanu da goro a hannun masu gida yake. Bafatake ya sauko da shanu daga Arewa, bai san mahauci ko ɗaya a garin ba, bai iya Yarbanci ba, kuma mahautan nan bashi suke ɗauka, sai sun yanka sun sayar su biya. Wa zai yarda ya saki dukiyarsa haka? Maigida ne ke saukar da shi, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya faɗa masa wane mahauci ne mai cika alkawari, wane ne kuma ake gudu. In mahauci ya ci kuɗi, maigida ne zai biya daga aljihunsa, don kuwa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In rigima ta ƙi ƙarewa a zaure, a tafi gaban Sarkin Hausawa. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a 1962 da 1963, ya fitar da littafi sukutum a kan wannan tsari a 1969. Ku duba fa: mai ba da shawara, mai tsayawa lamuni, mai sasanta husuma, duk mutum guda ne. Ashe lauya da banki muna da su tun da can, babbar riga kawai suke sawa.

Sai dai lamunin maigida iyakarsa bakin teku. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, gyaɗa ta yi kasuwa daga 1912, amma ɗan kasuwarmu sikelin kamfani ne ƙarshen tafiyarsa. Ko Alhassan Ɗantata, wanda ya yi safarar goro ta ruwa daga Ankara zuwa Ikko, ya kuma zama ejan kamfanin Neja a 1918, saye yake ya miƙa wa kamfani. Inshora da hayar jirgi da yarjejeniya da mai saye a Libaful, wannan duk aikin Turawa ne. Daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ta karɓe fitar da ita gaba ɗaya, aka ci gaba da tsarin hukumomi iri iri har 1986. Wato shekaru kusan arba'in doka ba ta ba ɗan kasuwa damar ya fitar da manyan amfanin gona da kansa ba. Ina zai koyi karatun takardunsu?

Ba mu kaɗai ba, ita kanta gwamnati sai da ta sha wuya kafin ta koya. Manyanmu da suka yi zama a Ikko a 1975 ba za su manta da shekarar siminti ba. Kuɗin mai ya shigo, ma'aikatun gwamnatin Janar Gowon suka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20 a kawo cikin shekara guda, kaso mafi yawa na ma'aikatar tsaro, alhali abin da aka saba shigowa da shi bai wuce tan miliyan 2 a shekara ba. Kafin tsakiyar shekara jiragen ruwa fiye da 400 sun yi cirko-cirko a bakin Ikko, da dare fitilunsu kamar wani gari a kan ruwa. Wani simintin ma a cikin jirgi ya daskare.

Abin da ya fi cunkoson ciwo yana cikin takarda. An rubuta a kwangilolin cewa duk jirgin da ya iso bai sami wurin sauke kaya ba, Nijeriya za ta riƙa biyansa kuɗin zaman jira, dubban daloli kowace rana. Da masu tsofaffin jirage suka ji haka, sai suka yi ta lodo suna zuwa su yi layi, tunda zaman ma riba ne. Bugu da ƙari, Babban Bankin Nijeriya ya ba da takardun lamuni irin waɗanda ba a janyewa, wato alkawarin cewa da zarar mai kaya ya kai takardun lodi banki a Landan ko Niyok, a biya shi, ko simintin ya sauka ko bai sauka ba. Kai, da a ce an kawo wa maigidan Sabo irin wannan sharaɗi, da tambayarsa ta farko ita ce: shanu nawa zangon ke ɗauka?

Da Janar Murtala ya karɓi mulki a ƙarshen Yulin 1975, sai aka taka wa jiragen birki, Babban Banki kuma ya umarci bankunan waje su dakatar da biya sai da izininsa. Nan fa ƙararraki suka ɓarke. Wadda ta fi shahara ita ce ta kamfanin Trendtex na Suwizalan, a kan siminti tan 240,000 da takardar lamuni ta fiye da dala miliyan 14. Lauyoyin Babban Banki suka ce ai ƙasa mai 'yancin kanta ba ta gurfana a kotun wata ƙasa. A watan Janairun 1977 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila, da Mai Shari'a Denning a kan gaba, ta ƙi wannan hujja. A ganin Denning, gwamnatin da ta shiga kasuwa ta yi ciniki, hukuncin kasuwa ya hau kanta. Wata ƙarar, ta kamfanin Verlinden na Holan, sai da ta kai Kotun Ƙolin Amurka a 1983. Har yau ɗaliban lauya a ƙasashen nan da simintinmu ake koya musu darasi, abin dariya abin takaici.

Shekara ta 1986 ce ta buɗe mana ƙofa. Gwamnatin Janar Babangida ta rushe hukumomin ciniki, ta yi dokar ƙarfafa masu fitar da kaya, aka yarda mutum ya ajiye kuɗin wajen da ya samo a asusunsa. Hukumar NEPC dama tana nan tun 1976. A 1991 aka kafa bankin NEXIM don ba da rance da inshora ga masu fitar da kaya, a 1993 kuma aka ƙulla kafa Afreximbank a Abuja, mazauninsa Alƙahira. Sai ga ɗan kasuwar da jiya sikeli ne iyakarsa yau yana ciniki kai tsaye da mutumin Turkiyya ko Japan, wanda bai taɓa gani ba, ba su da Sarkin Hausawa guda, ba su da masallaci guda da kunya za ta kama mai cin amana.

A nan ne takardar lamunin banki ta gaji maigida, amma halinsu ba ɗaya ba ne, kuma nan 'yan'uwa da yawa suka yi tuntuɓe. Maigida ya san ka, ya ga shanunka da idonsa, in ka yi kuskure zai rufa maka asiri. Banki kuwa ba ya kallon kaya sam, takarda yake kallo. Haka ƙa'idar take a dokokin da Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya da ke Faris ta fara fitarwa a 1933, ta sabunta a 2007. Riɗinka ya fi na kowa kyau, amma in ranar lodi ta wuce wadda aka rubuta da kwana ɗaya, ko nauyin da ke takardar jirgi ya saɓa da na rasit, banki na da ikon ƙin biya. Daga nan sai abin da mai saye ya ga dama, kayanka kuwa suna can a tashar wata ƙasa kuɗin jira na hawa, irin na siminti, sai dai wannan karon daga aljihunka.

Aikin mai ba da shawara ke nan, kuma kafin sa hannu ake nemansa. Zai duba wa ke ɗaukar hasara in kaya suka lalace a ruwa, daga wane wuri nauyin ya bar wuyanka. Zai duba ko wani banki da ka amince da shi ya ƙara nasa lamunin a kan na bankin mai saye. Zai duba kotun wace ƙasa za a je in an saɓa, domin ƙara a Landan kan cinye kuɗin kwantena goma kafin a zauna zaman farko. Zai kuma san dokar ƙasar da kayan za su. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, maganin da a rumbunanmu ba a ɗauke shi komai ba.

Yarjejeniyar cinikin bai ɗaya ta Afirka, wadda Nijeriya ta sa wa hannu a Yamai a 2019, ta zo da nata takardun, musamman ta shaidar asalin kaya, wadda sai da ita ake samun rangwamen kwastan. Hanyar Ankara da Kumasi da kakanninmu suka bi da jakuna tana cikin wannan yarjejeniya, kuma har gobe akwai masu gida a zangunan can da za su sauke mu.