Shari'ar Tashar Kwal ta Lamu

Tsohon garin Lamu yana kan wani tsibiri a gaɓar tekun Kenya, kuma yana cikin tsofaffin garuruwan Suwahili da har yau ake zaune a cikinsu. An gina gidajensa da duwatsun teku, aka yi musu rufi da itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, ƙofofinsu kuwa na katako ne masu sassaƙa. Lungunansa ƙanana ne, mota ba ta shiga, sai jakuna ke dakon kaya. Duk shekara masu ziyara daga sassan Gabashin Afirka kan hallara a Masallacin Riyadha domin Maulidi. A 2001 hukumar UNESCO ta sanya garin cikin wuraren tarihi na duniya.

A 2014 gwamnatin Kenya ta ba kamfanin Amu Power kwangilar gina tashar lantarki mai aiki da kwal a Kwasasi, kimanin kilomita 20 daga garin. An tsara tashar za ta samar da megawat 1,050 a kan kuɗi kusan dala biliyan 2, bankin ICBC na China zai ba da mafi yawan rancen, kwal ɗin kuma za a riƙa shigo da shi ta jirgin ruwa daga Afirka ta Kudu. A watan Satumba na 2016 hukumar kula da muhalli ta ƙasar, NEMA, ta ba kamfanin lasisi.

Mutanen Lamu ba su yi na'am ba. Masunta sun ji tsoron ruwan zafin da tashar za ta riƙa mayarwa teku zai kori kifi, manoman Kwasasi suna fargabar rasa gonakinsu, masu kula da tarihi kuma suna cewa hayaƙi da toka za su lalata tsofaffin gine-gine. Ƙungiyar Save Lamu, tare da lauyoyin Katiba Institute, ta kai ƙara gaban Kotun Muhalli ta Ƙasa kafin shekarar ta ƙare.

Ranar 26 ga Yuni, 2019 kotun ta soke lasisin. Ba darajar garin a tarihi ce ta yanke hukuncin ba. Ƙa'idar aiki ce aka karya. Alƙalan sun gano cewa ba a tuntuɓi jama'a yadda ya kamata ba lokacin da ake nazarin illar aikin ga muhalli, alhali kundin tsarin mulkin Kenya na 2010 ya wajabta jin ta bakin mutane. Haka kuma nazarin bai yi la'akari da dokar sauyin yanayi ta 2016 ba. Kotun ta ce in kamfanin yana son ci gaba, sai ya sake nazarin daga farko.

Daga nan masu zuba jari suka fara ja da baya. A 2020 aka bayyana cewa ICBC ya janye daga aikin. Amu Power ya ɗaukaka ƙara, amma a watan Oktoba na 2025 Kotun Muhalli da Filaye da ke Malindi ta yi watsi da ita, ta tabbatar da hukuncin farko. Tashar dai ba a gina ta ba.